Ƙaurar Alhaji Za-Ni

Duk wanda ya ce ya san Aliero amma bai san Alhaji Maccido ba, to tashar mota kawai ya sani. Kowa ya yarda albasa ce ta kai sunan garin har Legas da Fatakwal. Abin da mutane suka kasa ganewa, duk da bayanin da Alhaji yake yi musu kyauta safe da yamma, shi ne cewa shi ya kai sunan albasar.

Dillali ne. Kalmar ta yi masa kaɗan, shi ya sa ba ya taɓa ta. Allon da ke saman rumfarsa a kasuwa cewa ya yi: Babban Daraktan Harkokin Albasa na Ƙasa da Ƙetare. Ƙetaren nan ya taɓa faruwa da gaske, ranar da wani Bazabarme ya sayi 'yan buhuna ya nufi Doso da su. Alhaji yana da waya uku, biyu babu kati, amma duka suna fitowa daga aljihu idan an yi baƙo. Yana da babbar mota wadda ta daɗe a kan duwatsu a ƙofar gidansa, kaji suna ƙyanƙyasa a ƙarƙashinta. A bakinsa sunanta "motocina".

Kada a ce mutumin ba shi da kishin ƙasa. Duk ranar da ya biya kuɗin rumfa, sai ya ɗaga rasit sama yadda na nesa ma zai gani, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Malaman makaranta sun samu albashin wanga wata."

A shekarar da ake magana, rediyo ya sanar cewa kasafin jiha ya yi giɓi. Abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba. Masu ilimi suka zauna a ɗaki mai sanyi suka binciki inda kuɗi suke ɓoye, bincikensu ya kai su aljihun mai tallan gyaɗa. Sai sababbin haraji suka fara fitowa kamar ciyawar farkon damina. Buhu ya biya idan ya shiga kasuwa, ya biya idan zai fita. Allon shago ya samu nasa rasit. 'Yan kabu-kabu, masu ɗaukar fasinja a babur, suka wayi gari da tikitin safe da na rana. A kan hanyar Jega samari suka kafa shinge da katako mai ƙusoshi, kowanne da rigar aiki mai launi daban.

Mutane suka yi gunaguni, suka biya. Waɗanda suka kasa biya suka fara ɗaure tabarma. Ba su yi shela ba. Yau ka ga shagon tela a buɗe, jibi ka tarar da kwaɗo a ƙofa, a ce maka ai ya koma wajen ƙanen uwarsa a wata jihar.

Alhaji Maccido ba irin waɗannan ba ne. Babban mutum ba ya tashi a ɓoye. Ranar da aka kawo masa rasit na allon rumfa, wanda aka auna da tsawon rubutu, kuma rubutun nasa ya fi na kowa tsawo a kasuwar, sai ya hau kan buhu ya gyara hannun riga.

"Jama'a, ku shaida! Ni Maccido, za ni bar jihag ga. Za ni! In sun iya, su riƙe kasahinsu ba tare da ni ba. Na ba su daga yau zuwa a hwara cirar albasa. In ba su janye ba, su nemi wanda za shi biya albashi."

'Yan dako suka tsaya da buhu a ka suka saurara, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Da ya sauko, suka ci gaba da aiki. Alhaji ya fassara shirun nan da cewa tsoro ne ya kama su, ya kuma ji tausayinsu ƙwarai.

Ranar kasuwar Jega ya ɗauki saƙon ya kai can, don kada mutanen Jega su ji a bakin wani su faɗi. Ya sauka wurin Sagir mahauci, wanda ya shekara da shekaru yana yanka masa balangu yana ƙara masa da kitse. Sagir na tsugune yana naɗe wuƙaƙensa cikin buhu. An riga an kwance teburin, an jingina ƙafafunsa a bango. Alhaji bai ga ko ɗaya ba, idonsa yana kan tarihi.

"Sagir, ka ji labari? Za ni tashi."

"Allah sarki, Alhaji. Ni ma gobe in Allah ya so. Sa guda sai in biya mashi a kara, in biya a mayanka, in biya bisa tebur. Jiya nid duba, ko kuɗɗin hatsi ban hid da ba. Nan anka haihe ni, nan kabarin tsohona yake, amma ɗiya ba su cin kabari."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Alhaji ya dafa kafaɗarsa cikin tausayawa irin ta manya.

"Kai taka tahiya mai sauƙi ta, Sagir. Wa za ya lura? Ni nawa tashin ne abin tsoro. Ina tunanin marayu da ma'aikatan asibiti, barci ba ya ɗauka ta. Yanzu dai yanko mani na rabin kilo, ka sa kitse."

Sagir ya kwance buhun da ya ɗaure, ya zaro wuƙa, ya yanka masa daga ɗan abin da ya rage don guzurin iyalinsa. Alhaji ya ci, ya yaba, ya yi masa alkawarin zai sa baki a kansa idan Gwamna ya kira.

Ba a daɗe ba aka kira taron jin ra'ayin jama'a a Maiyama. Ofishin haraji ya turo wani ma'aikaci mai suna Clement, siririn mutum daga kudancin Kaduna, wanda shi kansa albashinsa ya maƙale tun kafin azumi. An ba shi kujera, da lasifika mai ƙara kamar ƙudan zuma, da umarnin ya saurara kada ya yi alkawari. Zauren ya cika. Mata daga Andarai sun zo tun hantsi, suna so su faɗa cewa tun da aka ɗora wa 'yan kabu-kabu tikiti biyu, yawancinsu suka gudu, mace mai naƙuda sai a amalanke ake kai ta asibiti. Manoman Kashin Zama ma sun zo da tasu.

Allah ya taimaki taron, Alhaji Maccido ya riga kowa kama lasifika.

Ya fara daga kakansa, wanda a cewarsa shi ya fara gane cewa albasa tana sa hawaye. Ya gangaro kan mahaifinsa. Ya iso kan kansa, a nan ya yada zango.

"Malam Kilaman, ka kai saƙo inda ya dace. Ka ce masu Maccido yac ce haƙurinai ya ƙare. Jiha kamar ɗaki ta, ɗaki kuwa da ginshiƙi shika tsayawa. Ni ban son yabon kai, kowa ya san halina. Amma ranad da nib bi hanyag ga da motocina, ranan nan za ku san mi ake ce ma giɓi. Wanga da kuke kuka da shi yanzu tsaga ta ƙarama!"

Aka kira azahar yana magana. Aka dawo daga masallaci ya ɗora daga inda ya tsaya. Matan Andarai suka duba rana, suka ga idan ba su kama hanya ba duhu zai same su, kuma babu babur. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya da maganarsu a ciki. Da Alhaji ya ga kujeru suna zama wayam, sai ya ƙara tabbata cewa mutane ba sa iya jure jin labarin rabuwa da shi.

Da ya gama, Clement ya miƙe, ya karɓi lasifikar da hannu biyu, ya ce, "Mun gode, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya."

A motar haya, a hanyar komawa gida, Alhaji ya yi ta maimaita wa fasinjoji kalmomin nan yana murmushi. "Kun ji muryatai? Rawa take. Yaron ya ruɗe. Cikin satin ga za ku ga tawaga."

Sai aka shiga shirin tarbar tawagar da za ta zo ba shi haƙuri. Ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa darduma ta aro, aka jibge katan ɗin lemo a kusurwa. Kullum bayan la'asar yakan sa babbar riga ya zauna yana gwada fuskar da zai yi musu: ta fushi da farko, sannan ta mai nazari, daga ƙarshe ta mai yafiya saboda talakawa. Ya ma tsara cewa ba zai amince a zuwan farko ba.

Baƙi sun zo, ba a ce ba su zo ba. Na farko ya ji Alhaji zai tashi, ya zo tambayar ko za a sayar da rumfa. Na biyu firji yake so. Na uku mai gwangwan ne, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zagaya motar da ke kan duwatsu yana ƙwanƙwasa ƙarfenta yana lissafi da baki. Kowannensu ya sha lemo.

Aka fara cirar albasa, wa'adi ya cika. Alhaji ya ƙara wa gwamnati lokaci, saboda ya san aiki ya yi musu yawa. Wannan ma ya cika. Wata rana yana ratsa kasuwa ya ji wani ɗan dako yana ce wa mai mota, "Ka aje su can gaban rumhwar Alhaji Za-Ni." Mai motar bai tambayi wane ne ba. Kai tsaye ya nufi rumfar.

A ranar ya sayar da rumfar, da allonta da komai, ga mutumin da ya fara tambaya. Ya shiga gida ya sami matarsa Hussaina tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ita ce mai man gyaɗar da rabin unguwa ke saye, kuma ko da yake ba a faɗa a gaban Alhaji, daga kaskon nan tuwon gidan yake fitowa.

"Ki haɗa kaya. Gobe da asuba muna tashi."

Ba ta ɗago ba. "Alhaji, ni ban yi ma kowa shela ba. Masu sayen maina nan suke. Ka tahi ka gani, in wurin ya karɓe ka sai ka aiko."

"To ki ji. Ban yin sallama da kowa. Kuma kada ki hwaɗa ma kowa na tashi. Dut wanda yaz zo, ki ce ba ni nan, shi ke nan. So nike su farka su ji gari ya yi masu hwaɗi, su gane da kansu."

"Yadda kac ce," in ji Hussaina, ta juya ƙuli.

Da asuba ginshiƙin jiha ya fice da jaka ɗaya. Da yake 'yan kabu-kabu sun yi ƙaranci, da ƙafa ya taka har bakin titi. A shingen hanya aka karɓi harajin jakar. Ya biya, ya ce wa yaron ya adana rasit ɗin, wata rana za a sa shi a gidan tarihi.

Ya sauka a wata kasuwa can bayan Tambuwal, a ƙetaren iyakar jiha, ya kama ɗaki a bayan shagon mai faci. Washegari ya shiga kasuwa da babbar riga da waya uku. Mutum na farko da ya tare shi da fara'a mai yankan rasit ne.

"Sunanka, Malam?"

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ba shi damar ya tuna. Yaron bai tuna ba. Ya rubuta "Mai farar hula", ya yage ya miƙa. Rasit ɗin nan kore ne maimakon ja, kuma gaskiya ya ɗan fi sauƙi. Sai dai dillanci ba a yin sa da sauƙin rasit. Manomi ba ya miƙa albasar da ya sha wahalar ban ruwanta ga mutumin da bai san ƙofar gidansa ba. Dillalan wurin suna da mutanensu tun iyaye. Alhaji ya yi ta zama a kan benci yana karɓar kiran waya daga wayoyin da babu kati.

Sagir mahauci, wanda Allah ya sa a kasuwar ya kafa sabon tebur, shi ya gan shi wata rana yana jiƙa gari a leda. Daga ranar kullum da yamma sai ya aiko masa da 'yar tsoka a takarda. Alhaji ya karɓi wannan a matsayin gaisuwar da talaka ke kai wa shugaban 'yan gudun hijira, har yakan yi ƙorafi idan kitse ya yi kaɗan.

Sauran lokacinsa na rediyo ne. Yana jiran ya ji an ce an rufe makarantu, ko ma'aikata sun yi zanga-zanga suna kiran sunansa. Bayan labarai sai ya kira gida.

"Hussaina, sun zo?"

"Su wa?"

"Tawaga."

"Mai gwangwan dai ya dawo."

Da kuɗin ɗaki ya matsa, Alhaji ya ba da izinin a rage yawan motocinsa. Mai gwangwan ya zo da masu walda suka yanyanka ta, kaji suka koma kwana a zaure.

Lokacin albasa ya wuce bai sayar da ko buhu ba. Rigar ta fara yi masa yawa. Sai ga shi wata safiya rediyo ya sanar cewa gwamnati ta janye tikitin rana na 'yan kabu-kabu, ta kuma haɗe harajin mahauta ya zama ɗaya. Mai karanta labarai ya ce dalili shi ne masu ƙananan sana'a da yawa sun bar jihar, har abin da ake tarawa ya kasa na da. Alhaji ya miƙe tsaye a tsakiyar shagon faci.

"Kun ji? Sun durƙusa! Kunya ta hana su ambaci suna, amma kowa ya san da wa ake."

A daidai wannan mako Hussaina ta kira shi da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce Malam Anas, shugaban dillalan albasa, ya aiko. Dillalai sun haɗa wa Alhaji walima ranar Asabar a kasuwa, suna roƙon ya halarta.

"Mi kic ce masu?"

"Na ce ba ka nan, amma za ni hwaɗa maka."

Idon Alhaji ya kawo ruwa. Ya yanke shawarar yafe musu. Ya sallami ɗakin, ya bar wa mai faci tabarmarsa, ya sayar da waya biyu ya ɗinka sabuwar shadda. Ya yi wa Sagir nasiha cewa ya ci gaba da haƙuri, ba kowa ake aiko wa ba.

Ranar Asabar ya sauka a Aliero, ko gida bai biya ba. Daga nesa ya hango rumfar kanofi, da fararen kujeru, da tukunyar shinkafa tana tururi. Da aka gan shi aka miƙe, aka yi tafi, aka kai shi kujerar tsakiya. Har Clement yana can gefe da farantinsa. Alhaji ya lura da shi, ya gyaɗa kai: gwamnati ta turo wakili.

Bai jira a gabatar da shi ba. Ya karɓi lasifika.

"'Yan'uwa, na san halin da zukatanku suke ciki. Rabuwa da irina ba abu na mai sauƙi ba. Wasu sun yi mani ba'a, wasu sun laƙa mani suna. Na yahe. Abin da nike so ku riƙe shi na: mutum irina ba a sanin darajatai sai wurin da yake zama ya zama wayam."

Aka yi kabbara. Wani tsoho ya share ido. Alhaji ya zauna yana jiran a roƙe shi, ya kuma ƙudura cewa wannan karon zai amince tun a roƙon farko.

Malam Anas ya miƙe, dattijo mai sanyin murya wanda bai iya zolaya ba ko an biya shi.

"Alhaji, ranka shi daɗe, mu za mu nemi gahwara. Tun ranad da kac ce za ka tashi munka yi niyyar yi maka walimar bankwana, sai aikin albasa ya taso, ba mu samu kanmu ba sai yanzu. Mun san kai ma shirin tahiya ya ɓoye ka, kwana biyu ba mu cika ganinka ba. Da munka ga har yau ba ka tashi ba, sai munka ce wataƙila tsadar mota ta. Bai kamata wanga ya tsai da babban mutum ba."

Ya yi ishara. Dillalai biyu suka fito da sabon akwati mai taya, an ɗaura masa jan ƙyalle, suka ajiye a gaban Alhaji.

"Ga wanga ka zuba kaya. Mota kuma mun biya, shata, har inda kaka so."

Alhaji Maccido ya buɗe baki. A karo na farko tun da aka san shi, babu abin da ya fito.

A bakin titi direba ya danna hon.